Lamba Arba'in da Biyar

Shagon yayana yana kan wani layi a bayan kasuwar Kazaure. Ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano, ba sili, tagarsa ɗaya tana kallon yamma. A ƙofa an rubuta da shuɗin fenti cewa ana ɗaukar hoton biki da na suna, ana kuma tura karatu da waƙoƙi a waya. Abin da ba a rubuta ba shi ne inda jarin ya fito. Bajimin da mahaifinmu ya yi wata goma sha ɗaya yana turkawa a ƙauyenmu na ƙasar Roni shi aka kai kasuwa, aka haɗa da kuɗin awakin Inna guda biyu, Yaya ya hau mota zuwa Kano ya dawo daga titin Beirut da kyamara da kwamfutar tebur ta hannu. Don haka duk ranar da na danna maɓallinta na san abin da nake kunnawa. Sanin kuwa bai hana ni abin da na aikata ba.

A shekarar 2016 aka yi wannan, shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabo, litar fetur kuma ta koma Naira 145 a watan Mayu. Wutar lantarki baƙuwa ce a layinmu, in ta zo da safe ba lalle ta ga azahar ba, saboda haka ran shagon a wuyan wani ƙaramin janareta yake rataye. Aikin da ya fi shan mai shi ne na ƙarshe. Bayan na yanka hotunan biki na jera su, na ɗora kiɗa da sunan ango da amarya, sai in bar kwamfuta ta dunƙule komai ya zama fim guda, abin da masu sana'ar ke kira rendarin. A nan hannun mutum ba shi da sauran aiki, sai dai ya zuba wa wani siririn layi ido yana jan ciki daga hagu zuwa dama, janareta na kuka a waje yana zuƙe riba. Bikin da aka wuni ana ɗauka yakan ci awa huɗu.

Kazaure ba garin da ake rasa masanin kwamfuta ba ne. Ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, ga cibiyar koyar da ilimin kwamfuta da gwamnatin Jigawa ta kafa a 2001, wadda kowa ke kira Infomatik, kuma ɗalibansu sun cika gidajen haya da teburan shayi. Ɗaya daga cikinsu, abokin kallon ƙwallona, ya shigo wata rana ya tarar na yi tagumi a gaban layin nan. Ya karɓi linzamin kwamfutar ya buɗe inda aka rubuta sunan furosesarta, ya yi jim, sannan ya kwashe da dariya. Ya ce, “Malam, doki gare ka kake tafiyar jaki. Ka ga harafin nan na ƙarshe?” Na duba: Intel Core i5-2500K.

Ga abin da ya koya mini a daren, na kuma bi na ƙara karantawa. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, ɗan guntun silikon da bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba, a ɓoye ƙarƙashin murfin ƙarfe. Ba ta aiki sai da kiɗa, kamar 'yan gayya a gona: kowane bugu, sara ɗaya. Akwai bugun tushe, sau miliyan 100 a daƙiƙa guda, akwai kuma lambar da ake ninka shi da ita. Tamu 33 aka sa mata, wato bugu biliyan 3.3 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa gigahaz 3.3, takan kuma ɗan ƙara da kanta har 3.7 idan ta ga sarari. A yawancin furosesoshi kamfani ya garƙame wannan lamba, mai saye ba shi da ikon ɗaga ta yadda yake so. Mai harafin K kuwa a buɗe ake sayar da ita. In madabod ɗin da take zaune a kai na irin wanda ya yarda ne, sai mutum ya shiga BIOS ya goge 33 ya rubuta abin da zuciyarsa ta raya masa. Ni zaburarwa nake kiran wannan aiki, domin ban ga abin da ya fi kama da shi ba irin sa wa doki ƙaimi.

Garƙamewar tana da dalili, kuma duk wanda ya taɓa sayen man ja mai algus zai gane shi. A shekarun 1990 wasu 'yan kasuwa sukan kankare rubutun jikin furosesa mai arha, su buga mata lambar mai tsada, su zabure ta su sayar, mai saye ba zai ankara ba sai ta fara tuntuɓe. Zuwa 1998 kamfanin Intel ya kulle lambar. Masu ƙwaƙwa dai ba su haƙura ba. A wannan shekarar aka fitar da Celeron 300A, mutane suka gano cewa in an ɗaga bugun tushenta daga miliyan 66 zuwa 100 sai ta tashi daga megahaz 300 ta koma 450, ta kamo waɗanda suka ninka ta tsada. Labarin da ya fi burge ni shi ne na shekarar 2000, lokacin da aka gano cewa Athlon da Duron na kamfanin AMD an kulle su ne ta hanyar yanke wasu 'yan gadoji huɗu a jikinsu, kuma ana iya mayar da gadojin da zanen fensir, domin baƙin bakin fensir yana ɗaukar wuta. Fensirin ɗan firamare ya buɗe abin da aka kulle da hasken leza! Da kamfanonin suka ga abin ba ya hanuwa sai suka mai da shi haja: ƙara kuɗi a ba ka wadda ba kwaɗo. Tamu tana cikin waɗannan. A Janairun 2011 aka fitar da irinta, ta kuma yi suna a duniya wajen jure ƙaimi.

Na jira sai da Yaya ya tafi ƙauye a watan Disamba. Hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe duwatsun Kazaure har ba a hango su sosai daga bakin dam. Wani dare aka yi sa'a wuta ta kwana. Ina sanye da rigar sanyi na rubuta 40, ta tashi lafiya. Na rubuta 42, na rubuta 44. A kan 45 allon ya rine shuɗi ta mutu, gabana ya faɗi, bajimin Baba ya faɗo mini a rai. Amma na riga na karanta maganin wannan: in furosesa ta kasa bin kiɗa, abinci ake ƙara mata, wato ƙarfin wutar da take sha. Na ɗaga shi daga wajen bolt 1.2 zuwa 1.35. Ta tashi ta tsaya da ƙafarta. Na sakar mata wata manhaja mai suna Prime95, wadda masu wannan harka ke amfani da ita su jibga wa furosesa lissafi mafi nauyi don a ga ko za ta yi kuskure, na bar ta har aka kira asalatu. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, zafinta kuma bai wuce digiri 72 ba, alhali 98 ce iyakar da aka yanka mata. Wanda ya haɗa kwamfutar can ƙasar da ta fito ya ɗora mata babban mazuƙin zafi, bututun jan ƙarfe huɗu sun ratsa siraran faifayen alminiyam da ke jere kamar haƙoran mataji, fanka na hura iska a tsakaninsu. Washegari fim ɗin awa huɗu ya fita a awa uku.

Da Yaya ya dawo ya lura man janareta yana auki, na gaya masa abin da na yi. Ya dube ni ya dubi akwatin. Ya ce, “Ba za ta lalace ba dai ko?”

Na ce, “Yaya, don haka aka ƙera ta.”

Bai ƙara magana ba, saboda a gidanmu ni ne mai boko.

Rabin gaskiya na ba shi. Sauran rabin lissafi ne da bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba, kuma na san shi, na dai kau da kai. Duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, ba ta da wata mafita. In an ƙara gudu, zafi yakan ƙaru daidai gwargwado. In kuwa ƙarfin wuta aka ƙara, ƙarin ninka kansa yake yi: kashi 12 cikin ɗari na wuta yakan haifi fiye da kashi 25 na zafi. A haɗa wannan da ƙarin gudu na kusan sulusi, sai abin da aka tsara a kan zafin wat 95 ya haura 150 a lissafina, duk daga wuri mai faɗin farce. Sannan mazuƙin zafi da fankarsa ba sa ƙirƙirar sanyi, dako kawai suke yi. Su kwashi zafi daga furosesa su miƙa wa iskar ɗaki, iyakar iyawarsu ke nan. In ɗaki yana digiri 20 furosesa tana 72, ratar 52 ce a tsakaninsu, kuma wannan rata ba ta raguwa don wata ya sauya. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa za ta ƙara shi. Mutanen da na karanta rubuce-rubucensu, masu cewa 45 wasan yara ce ga wannan furosesa, a Jamus da Ingila da Kanada suke zaune. Ba ƙarya suka yi mini ba, gaskiyar ɗakunansu suka faɗa.

Sai daga baya na fahimci ainihin abin da na ci. Ba rowa kaɗai ke sa kamfani ya rubuta 33 a kan abin da zai iya 45 ba. Duniya duka yake sayar wa, bai san hannun da kowace za ta faɗa ba, don haka yakan bar rara saboda ɗakin da ba iska, da ƙurar da za ta toshe fanka, da wutar da ke hawa tana sauka, da tsufa. Mutumin ƙasar sanyi yana iya cinye wannan rara bai ji a jikinsa ba, domin ba shi aka ajiye wa ba. Ni aka ajiye wa. Ɗaki mai rufin kwano a Kazaure, a watan Afrilu, a kan wutar janareta, shi ne mummunan ɗakin da injiniyan ya ƙiyasta a ransa ranar da yake yanke lambar. Guzurin bazara na zauna na cinye da hunturu. Baba da bai taɓa kwamfuta ba ko sau ɗaya ya fi ni sanin wannan. Da asuba yake fita da shanun huɗarsa, hantsi na dubar ludayi ya kwance su, ko da saura kunya biyar a gama gonar. Ina yaro haushin haka nake ji, ina ganin lalaci ne na shanu da sakaci na tsoho.

A ƙarshen Afrilun 2017, Sha'aban na kamawa, bukukuwa suka yi mana rubdugu kamar yadda suka saba kafin azumi. Cikinsu akwai na wani dattijo a Babura da zai aurar da 'yarsa ta fari. Yaya ya ɗauki ɗaurin aure da walimar maza. Cikin gida kuwa, inda namiji ba ya shiga, ƙanwarmu muka koya wa riƙe kyamara, ita ta ɗauko kamu da wuni da fitar amarya. Da suka dawo na juye komai a faifan ajiyar kwamfuta, na bi ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. A nan na ci karo da wani fayil na minti goma sha ɗaya. Ɗaki ne mai ɗan duhu, amarya a durƙushe cikin mayafi tana kuka, a gabanta wata tsohuwa tukuf zaune a bakin gado, kakarta ta wajen uba, ta dafa kanta tana yi mata faɗan tafiya gidan miji. Ba kiɗa, ba guɗa. Na kalle shi har ƙarshe, abin da ban cika yi ba, sannan na goge memorin kyamara saboda washegari muna da wani bikin a Gwiwa kuma memori ɗaya muke da shi. Kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, kuma a cikin akwatin da na zabura yake. Wannan laifi na biyu ne, kuma shi ma nawa ne.

Ranar da na zo haɗa fim ɗin, aiki ya taru har uku, ban iya jiran dare ba. Da ƙarfe biyu na rana na kunna janareta. Wanda ya san Kazaure a wannan wata ya san abin da nake nufi: duwatsun sun sha rana tun safe suna amayo ta, iska in ta kaɗa kamar an buɗe bakin tanderu, kwanon rufi har ƙara yake yi. Ɗakin ya haura digiri 40 ba tantama. Ƙurar hunturu guda kuma tana nan daskare tsakanin haƙoran mazuƙin, ban taɓa buɗewa na kakkaɓe ba. Na ga lambar zafi ta wuce 90, ta kai 95, tana lasar 98. A wannan iyaka furosesa takan rage gudu da kanta don ta tsira, na kuwa ga tana yi, tana ja da baya tana dawowa kamar mai haki. Nan ya kamata in tsaya. Sai na ce saura kashi ashirin, bari ta ƙarasa.

Furosesar ta kare kanta. Abin da na manta shi ne 'yan ƙananan na'urorin da ke jere a gefenta a kan madabod, waɗanda ke karɓar wuta mai bolt 12 su sassauta ta zuwa ɗaya da ɗoriya kafin su shayar da ita. Wata huɗu suna ɗauke da kayan da ya fi nasu, ba fankar da ke kallonsu. Na ji wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara, allon ya yi baƙi, warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Janareta na ta kukansa a waje, bai san an yi ba.

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Awa ɗayar da nake rowa ta ci mana mako uku da kuɗin da ya fi duk man da na adana tun Disamba. Yaya bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya naɗe faifan ajiyar a tsumma ya kai Kano. Faifan yana tsakiyar rubutu ne wuta ta yanke masa, jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ya hargitse. Wani mai gyara ya yi kwana biyu a kansa ya ceto kusan komai, har da ɗaurin aure da kamu da 'yan rawa. Fayil ɗaya ne ya dawo a gurgunce, in an buɗe shi sai korayen murabba'ai suna rawa, ba fuska ba murya. Memorin kyamara kuwa bikin Gwiwa ya riga ya hau kansa.

Muka sayo wani madabod na hannu da bashi. Furosesar da na azabtar, abin mamaki, ta tashi kamar ba a yi ba. Na shimfiɗa zana biyu a ƙarƙashin kwano ta zama sili. Na sayi buroshin fenti na kakkaɓar ƙura duk Juma'a, na kankare busasshen man da ke tsakanin furosesa da mazuƙi na shafa sabo, na ɗaura wata ƙaramar fanka tana kallon na'urorin nan na gefe. Sai kuma na tuna randar Inna, da Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha ta Dutse a nan Jigawa, wanda ya sa tukunya cikin tukunya ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwa na tsatsafowa yana bushewa yana tafiya da zafi, kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba, har aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Busasshiyar iskar bazara da ke gasa mu ita ce kuma ta fi kowace shan ruwa. Na rataya jiƙaƙƙen buhun garara a taga, nesa da kwamfutar, fanka na jawo iska ta cikinsa, ma'aunin da na liƙa a bango ya sauka da digiri biyar. Masu gasar zaburarwa na duniya ruwan naitirojin suke kwarara wa furosesa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ni buhu da bokiti ne nawa, kuma damina na faɗuwa suka daina amfani, don iska mai laima ba ta shan ruwa. Ban daina zaburarwa ba gaba ɗaya, ba kuma zan ce haram ce ba. A jikin akwatin na liƙa takarda mai layi biyu: hunturu 42, bazara 33, kuma da dare.

Duk wannan gyaran na'ura ne. Mutanen Babura kuwa muna ta ce musu ana aiki, ana aiki, kunya ta hana mu faɗin gaskiya. A goman tsakiyar azumi labari ya zo mana cewa tsohuwar ta rasu.

Bayan Sallah, shuka ta fara tasowa, Yaya ya miƙa mini faifan fim ɗin ya ce, “Kai za ka kai.” Na hau mota zuwa Babura. Dattijon ya karɓe ni a zaure, aka kawo ruwa a kwanon sha. Na yi masa ta'aziyya, na miƙa faifan da kuɗin da suka biya a cikin ambulan, sannan na sunkuyar da kai na faɗi komai. Ban ɗora wa wuta ba, ban ɗora wa zafi ba, ko da yake da na yi hakan da ya yarda, don kowa ya san su. Na ce ganganci na yi da kayan aikin, kuma wurin da Hajiya take yi wa amarya faɗa ya salwanta a hannuna.

Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Ya tura mini ambulan ɗin da bayan hannu. Sannan ya ce, “Yarinyar na tambaye ta, ta ce kuka take yi, ba ta riƙe komai ba. Matan da ke wajen kuma kowa da abin da take faɗi. Kai ka gani kafin ya ɓace?”

Na ce, “Na gani, Baba. Sau ɗaya.”

Ya gyara zama ya ajiye carbin a kan tabarma. Ya ce, “To, ɗana, faɗa mini abin da ta ce. Kada ka ƙara, kada ka gyara.”

Na rufe ido na nemo ɗakin nan mai duhu. Na ce ta fara da kiran yarinyar da wani suna da ba shi ne a katin biki ba. Ya ce ƙwarai, sunan mahaifiyarta ne, ita kaɗai ke kiranta da shi. Na ce ta ce mata kada ta kwana da fushi ko da ita ce mai gaskiya, kuma in ta dafa abinci ta fara zuba na maƙwabta kafin na ɗaki. Na ce ta ba ta labarin ranar da aka kai ta nata gidan a kan doki, ruwan sama ya kama su a hanya, lallenta ya zube a farar rigar wanda ke jan linzamin. Dattijon ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce wannan bai taɓa ji ba. Na ce daga nan ta yi ƙasa da murya ta faɗi wani abu a kan shi kansa, ta ce ubanki mutum ne mai zurfin ciki, in kin zo gida kada ki tambaye shi lafiya, ki dubi kwanon abincinsa.

Ya ce, “Sai kuma me?”

Na ce akwai saura, wajen minti uku ko huɗu, amma ban riƙe ba.

Ya ce in ƙara tunani, ba sauri yake yi ba. Ya leƙa cikin gida ya ce a kawo wa baƙo tuwo, a kuma shimfiɗa masa tabarma, yau a nan zai kwana.